Anti Ƙamus da Kalmomin Tsaurin Ido

Tun tana ƙarama aka san bakinta ba ya shiru. 'Yar tela ce, kuma a cikin 'ya'yansa ita kaɗai ke wuni a shago tana tsince ƙyallaye a ƙarƙashin keken ɗinki. Idan wani ya zo yana faɗa an ɓata masa wuyan riga, uban ya kan sunkuyar da kai yana ba da haƙuri. Ita kuwa sai ta leƙo daga ƙarƙashin tebur ta ce, "Ai kai ka ce a yi shi haka. Ina nan ka faɗa."

Uban ya kan ce, "Ke, rufe mana baki," amma yana danne dariya. A gida abin ba na dariya ba ne. Innarta ta kan riƙe haɓa ta ce, "Wannan yarinya idonta a tsaye yake, ban san inda ta gado shi ba." Goggonta kuwa ba ta wahalar da kanta da dogon bayani. Fitsararriya kawai take ce mata, ko a gaban baƙi.

A ajin ƙarshe na firamare ta fara jin kalmar da ta bi ta har tsufa. Wata rana ajin ya kaure da surutu, malamin Turanci ya shigo ya ce kowa ya durƙusa. Kowa ya durƙusa ban da ita. Ta ce ba ta yi surutu ba, rubutu take yi, ga littafinta. Malamin, wani siriri mai warin alli da man zafi, ya daɗe yana kallonta da bulala a hannu. Can ya ce da Turanci, "You are very bold." Ya juya ya ci gaba da darasi, bai dake ta ba, bai kuma ce ta zauna ba.

Ba ta san kalmar ba. Da aka tashi ta biya wajen wani dattijo mai sayar da tsofaffin littattafai kusa da shagon ubanta, ta roƙe shi ya bar ta ta duba ƙamus. Ta tarar da ma'ana biyu, ɗaya a kan ɗaya. Ta sama ta ce mai ƙarfin hali, wanda ba ya tsoro. Ta ƙasa ta ce mai tsaurin ido, wanda ba ya ganin girman manya. Ta tambayi dattijon wacce ce ta gaskiya, ya ce duka. Ta ce to wacce malamin yake nufi, ya ce ta je ta tambaye shi mana, tunda ba ta tsoron kowa. Wannan kam ta kasa.

Daga nan ta zama 'yar gida a wurin mai littattafai. Da uban ya ga abin nata ba wasa ba ne, ya sayo mata ƙamus ɗin, wanda bangonsa ya riga ya cire, ya ɗinka masa sabo da ragowar yadin wando. Da shi ta yi sakandare, da shi ta yi kwalejin horon malamai, da shi kuma ta shiga aji ranar da ta fara koyarwa a wata makarantar 'yan mata da ke tsakiyar gari. Kafin wata ya ƙare ɗalibai sun raɗa mata Anti Ƙamus, sunan ya bi ta har malamai suka ɗauka.

Ta auri wani mai gyaran rediyo, mutum mai sanyin hali da ba ya son hayaniya. 'Yan uwansa sun ja masa kunne cewa zai auro rediyon da ba a kashewa. Ya ce ba komai, gyaran rediyo ne sana'arsa. Suka zauna lafiya a gidan haya mai ɗaki biyu, suka haifi maza biyu, sannan bayan dogon tsaiko aka sami mace, wadda kowa ke kira Auta.

A aji, darasin da 'yan mata suka fi so shi ne na kalmomin ƙarfin hali da rashin kunya. Ba ya cikin manhaja yadda take yin sa, ita ta ƙirƙiro abinta. Ta kan ja dogon layi a allo, ta rubuta yabo a wannan ƙarshen, zagi a wancan, sannan ta riƙa jera kalmomin. Confident ta kan sa ta can wajen yabo, wato wanda ya yarda da kansa. Shameless ta kan kai ta ƙarshen zagi, wato marar kunya ƙarara, ba wani kwana-kwana. Abin daɗin yana tsakiya.

"Mu a ido muke ajiye rashin kunya," ta kan ce. "Mu ce tsaurin ido, mu ce idonta ya bushe. Su kuwa Turawa a kumatu suke ajiye nasu. Cheek kumatu ne. Idan yaro ya mayar da magana har ya ba ka dariya, sai su ce cheeky. Amma kada wadda ta kuskura ta faɗa wa babba haka, ta ce ni na koya mata."

Aji ya kan fashe da dariya, kowa tana taɓa kumatun ta kusa da ita. Sai ta ƙara musu da brazen, ta ce asalinta daga tagulla ne, ana faɗa wa wanda ya yi abin kunya a bainar jama'a fuskarsa ko gezau, kamar da ƙarfe aka ƙera ta. Ta ce har matsarmama suna sakawa a ciki, idan wani ya yi abin da ya wuce hankali su ce yana da gall, wato matsarmama. Bold kuwa ba ta taɓa samar mata wuri ɗaya ba. Ta kan rubuta ta a sama da layin, ta ce wannan tana yawo.

"Anti, to ya za mu gane yabo ne ko zagi?" wata ta taɓa tambaya.

"Ki dubi fuskar mai faɗa," in ji ta. "Ki kuma dubi wanda ake faɗa wa. In soja ne, yabo ne. In ke ce, ki yi hattara."

A wancan lokacin, da wasa take faɗar haka.

Abin da ya juya mata rayuwa ba wani babban abu ba ne a idon mutane. Banɗakunan ɗalibai ne. Famfon makarantar ya lalace, tankin ya tsage, banɗakunan suka toshe har ba a iya bi ta gefensu sai an toshe hanci. 'Yan mata suka daina shan ruwa da safe don kada fitsari ya kama su. Manyan cikinsu kuma, idan watansu ya zo, sai su yi zamansu a gida, kujerun baya su wuni babu kowa. Anti Ƙamus ta yi magana a taron malamai, aka ce ana kan duba lamarin. Ta sake yi, shugaban makaranta ya ce ya ji, ba kurma ba ne.

Sai aka ce sufetoci za su zo. Nan da nan aka shafe gaban makaranta da fenti, aka jera duwatsu farare a bakin hanya, banɗakunan kuwa aka garƙame su da kwaɗo, aka kafe langa-langa a gabansu kamar ana gini. Ranar da baƙin suka zo an zagaya da su azuzuwan gaba, aka kai su ɗakin malamai aka ajiye musu lemo. Babbar cikinsu, wata dattijuwa mai tabarau da igiya, ta tambaya ko akwai mai abin faɗa. Malamin lissafi, wanda ya fi kowa ƙorafi a kan warin, ya duƙufa yana gyara madaurin agogonsa.

Anti Ƙamus ta ɗaga hannu. Ta ce tana roƙon baƙi su zo su ga bayan langa-langan nan kafin su tafi. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta kuma kalli shugaban ba.

Suka je suka gani. Dattijuwar ta fito da gyale a hanci, ta tsaya kusa da ita ta ce a hankali da Turanci, "That was bold." Ta ɗan dafa mata kafaɗa, ta shiga mota.

Washegari shugaban ya kira ta ofis. Bai ba ta kujera ba. Da Hausa ya fara, da ransa ya ƙara ɓaci sai ya koma Turanci, kamar yadda ya saba.

"Malama, kin kyauta. Kin tozarta ni a gaban baƙi, kin tozarta abokan aikinki. Wannan ba gyara ba ne, rashin ta-ido ne. Brazen! Ko ɗar ba ki ji ba."

"Ranka ya daɗe, na faɗa maka a nan ba sau ɗaya ba."

"Har yanzu bakinki bai mutu ba ke nan. Je ki."

Da ta ba mai rediyo labari da yamma, abin da ya ba shi dariya shi ne yadda ta ce, duk da haushin da take ji, sai da ta lura shugaban ya sa kalmar a wurin da ya dace, har ya furta ta daidai. Mijin ya ce, "Malama, ke ko yanka ki ake yi sai kin gyara wa mai wuƙa nahawu." Sannan ya ƙara da cewa, "Amma dai da kin bari."

An gyara famfon, gaskiya, an kuma buɗe banɗaki biyu. Kafin zangon ya ƙare aka yi mata canjin wurin aiki zuwa wata makaranta a can bayan gari, inda kwalta ta ƙare. Ba a ce hukunci ba ne. An ce ana buƙatar ƙwararrun malamai a can.

Mota biyu take hawa kafin ta isa, sannan ta taka sauran da ƙafa. Tana fita gari bai gama wayewa ba, ta dawo yamma liƙis, ƙafafu a kumbure, jaka cike da littattafan da za ta duba. Ajin nata ya fi ƙarfin ɗakin, wasu a kan taga suke zama. Allon ya goge har alli ba ya kamawa. Ta nemi a mayar da ita, ta yi ta zarya ofishin ilimi, kullum a ce ta dawo wani mako. Wani magatakarda da ya ji tausayinta ya taɓa ce mata a ɓoye, "Anti, sunanki ya riga ki zuwa ko'ina. Ba shugaban da ke son ki a makarantarsa." Daga ranar ta daina zuwa.

Bayan 'yan shekaru famfon tsohuwar makarantarta ya sake lalacewa. A lokacin tsohon shugaban ya yi ritaya, sabon kuma yana neman abin da zai ɗora wa na baya. Malamin lissafi ya miƙe a wani taro ya yi jawabi mai zafi a kan lafiyar ɗalibai mata. Aka tafa masa. A bikin raba kyaututtuka aka kira shi courageous, wato jarumi, ba da daɗewa ba kuma ya zama mataimakin shugaba. Wata tsohuwar abokiyar aikinta ce ta kawo mata labarin, tana jiran ta ga ta fusata. Anti Ƙamus ta ce, "Allah ya taya shi riƙo," ta ci gaba da jan jar biro a kan littafin wata yarinya. Ba ta da ƙarfin fushin ma.

Mai rediyo ya rasu bayan gajeruwar jinya, a lokacin da mutane suka koma wayar hannu, shagonsa ya zama wurin hira kawai. Mazan biyu suka tafi neman na kansu a wasu garuruwa. Gidan ya rage daga ita sai Auta.

Auta ma da bakinta ta zo duniya. Tana 'yar shekara biyar ta taɓa tambayar wani baƙo me ya sa yake cin abinci kamar ana korarsa. Da can Anti Ƙamus za ta yi dariya ne. Amma yanzu ta san abin da baki ke jawowa, gwiwoyinta ma sun sani. Sai ta shiga danne yarinyar, ba da duka ba, da ido da kuma 'yan kalmomi. "Sunkuyar da kanki." "Ba a tambaye ki ba." "In babba ya faɗa, ki ce to." Wata rana tana faɗa sai ta ji muryar Goggo ce ke fita daga bakinta. Abin ya tsaya mata a rai, amma ba ta fasa ba.

Tarbiyyar ta kama. Auta ta tashi shiru-shiru, maƙwabta suna misali da ita. Tana da ƙoƙari, ta karanci aikin gwajin jini, ta fito da sakamako mai kyau. Sai neman aiki. Wani babban asibiti mai zaman kansa ya kira ta ganawa. Ta ci jarrabawar rubutu, ta shiga gaban mutum uku a wani ɗaki mai sanyi, ta fito.

Anti Ƙamus tana zaune a tsakar gida da ƙafafu a cikin ruwan ɗumi lokacin da ta dawo. Auta ta ajiye jaka, ta zauna a bakin ƙofa ba ta cire takalmi ba.

"Ya aka yi?"

"Ba su ɗauke ni ba, Mama."

"Me suka ce?"

"Matar cikinsu ta biyo ni waje. Ta ce takarduna sun fi na kowa. Amma wai ba na kallon mutane a ido, muryata ba ta fita. Ta ce su confident suke nema. Ta ce in koyi zama bold."

Ruwan da ke cikin robar ya huce, uwar ba ta cire ƙafafun ba.

"Mama, wacce suka ɗauka fa, har gardama ta yi da babban likitan. Ya yi dariya ya ce haka yake so."

"To," in ji uwar. Can kuma ta ce, "Tashi ki cire takalmin."

Ranar Asabar ta jawo kujeru biyu ta ajiye su suna fuskantar juna, ta ce za su yi gwaji, ita ce likitan. "Kalle ni a ido. Faɗi sunanki da ƙarfi. Me ya sa za mu ɗauke ki?" Auta ta ɗago, ido ya haɗu da ido, sai ta sunkuya da sauri tana murza yatsu. Aka sake. Aka kuma sakewa. A ƙarshe yarinyar ta ce, cikin muryar nan tata da ba ta fita, "Mama, ba zan iya kallonki haka ba. Ke kika ce babu kyau."

Ba da gatse ta faɗa ba. Da gatse ne ma da ya fi sauƙi. Anti Ƙamus ta so ta yi mata bayani, ta ce ba haka take nufi ba, ta ce akwai inda ake sunkuyawa akwai inda ake ɗagowa, ta ba ta labarin langa-langa da mota biyu. Kalmomin suna nan a kanta, na Hausa da na Turanci, kowacce da wurinta. Amma ta gaji. Ta ce su bari sai wani lokaci, ta mayar da kujerun.

Daga baya Auta ta sami aiki a wani ƙaramin ɗakin gwaji da ke bayan wani kantin magani, inda ba a buƙatar ta yi magana da kowa sai kwalabe. Tana yin aikinta tsaf, mai wurin yana yabonta. Da aka ɗaga wani da ya zo bayanta aka ɗora shi a kanta, ba ta faɗa a gida ba. A bakin maƙwabciya uwar ta ji. Ta ɗauko mayafi za ta fita, Auta ta tare ƙofa ta ce, "Don Allah Mama kar ki je. Ina son aikin nan." Ta tsaya da mayafin a hannu, sannan ta ninke shi ta ajiye.

Ta yi ritaya ba da wani biki ba. Malaman makarantar bayan gari suka haɗa mata agogon bango da atamfa, shugabar ta ce ba a taɓa jin kanta da kowa ba, kuma gaskiya ta faɗa. Yanzu tana gida. Yaran unguwa masu shirin jarrabawa suna zuwa da yamma ta koya musu nahawu a tsakar gida, iyayensu su ba da abin da ya sawwaƙa. Tsofaffin ɗalibanta kan tare ta a kasuwa, manyan mata da 'ya'yansu, su rungume ta suna cewa ba su manta da ita ba. Ta kan yi murmushi ta sa musu albarka, ko da ba ta gane su ba.

Da damina ta kama a bana, rufin ɗakinsu ya fara yoyo daidai kan gado. Suka ja gadon gefe suka tara bokiti. Mai gidan hayar yana zaune a layi na gaba, kuma an san shi da alkawarin da ba ya cikawa. Anti Ƙamus ta ce in gwiwarta ta lafa za ta je ta same shi. Auta tana shafa mata man zafi, ta ce, "Bari ni in je, Mama."

Uwar ta dube ta. "Za ki iya?"

"Zan gwada."

Ta je da safe kafin ta wuce aiki. Da yamma ta dawo, uwar ta tambaye ta yadda suka yi.

"Na faɗa masa. Na ce ruwa yana zubo mana a gado."

"Sai ya ce me?"

"Ya ce in Allah ya yarda wata mai zuwa."

"Ke kuma kika ce me?"

"Na ce to."

Suka kalli juna, sai dariya ta kuɓuce wa uwar, irin wadda ba ta da ƙarfi, Auta ma ta kama. Hadari yana haɗuwa a gabas. Auta ta tashi ta zubar da ruwan bokitin jiya, ta mayar da shi wurinsa, ta ɗauko wata tsohuwar roba ta ajiye a gefe, don ta lura wani wurin ma ya fara ɗiga.